Yadda Ake Binciken Zaman Iyali a Gidajen Hausawan Sudan

Ɗalibin da ya ɗauki takardar tambayoyi zai shiga gidajen Hausawa a Maiwurno ko Gadarif ko ƙauyukan Jazira, ya fara sanin cewa ba baƙi zai tarar ba. Maiwurno ta kafu ne bayan yaƙin Burmi na 1903, da Muhammadu Bello, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya iso da jama'arsa kusa da Sinnar, wasu Hausawan kuma maniyyata ne da guzuri ya ƙare musu, suka kama aikin auduga bayan buɗe gandun Jazira a 1925. Saboda haka kada ya buɗe hira da tambayar asali ko takardar jinsiyya, wato shaidar zama ɗan ƙasa, domin mutanen da aka daɗe ana yi wa gori, balle bayan rikicin ƙabilanci da ya rutsa da Hausawa a garuruwan Damazin da Rusairis a 2022, da sun ji wannan sai su ja bakinsu su yi shiru.

Ya fara gaida liman ko mai unguwa, ya bayyana abin da ya kawo shi, sannan ya samo mace ta shiga wurin mata, tunda namiji iyakarsa zaure.

Inda na fi ganin ana tafka kuskure shi ne wajen ƙidayar mutanen gida. Takarda tana ɗauka gida shi ne miji da mata da 'ya'yansu, alhali katanga ɗaya tana iya ƙunsar kishiyoyi biyu, da tsohuwa, da ƙanen maigida da amaryarsa. Abin tambaya shi ne su wa suke ci daga tukunya ɗaya, kuma wa yake cefane. A tambayi lokacin da kowa ya zo, domin tun ɓarkewar yaƙi a Afrilun 2023 gidaje da yawa sun cika da dangin da suka baro Khartoum.

Batun 'ya'ya ma sai da dabara. Idan aka ce, "Inna, 'ya'yanki nawa?" tana iya tsallake ɗan fari saboda alkunya, ta kuma lissafa 'yar riƙo da ta taso a ɗakinta. Gara a bi su ɗaya bayan ɗaya: wanda ta haifa, wanda aka ba ta, wanda ke hannun goggonsa, da wanda aka kai khalwa karatun allo. Ba a matsa mata ta ambaci sunan mijinta.

Haka kuma ba a ce wa matar da ke cikin kulle ko tana aiki, domin za ta ce a'a, alhali ga kaskon gyaɗa a kan murhu, ga 'yarta tana jiran farantin talla. A roƙe ta ta ba da labarin jiya tun daga asuba har kwanciya. A nan ne sayar da godo-godo (wani abin sha na gero mai kama da fura) da kitso da zubin adashi za su fito, a kuma gane kuɗin da take riƙewa da wanda ɗa ke aikowa daga Jidda.

Kafin a kunna waya don naɗar murya a nemi izini a fili, a sauya sunaye a littafi, kuma abin da uwargida ta faɗa kada ya kai kunnen amarya ko maigida. Idan aka kawo jabana, wato gahawa, ana tsakiyar hira, a ajiye biro a sha, a ci gaba bayan an ɗauke kofuna.