Sabon malami a makarantar kwana: su wa za ka sani kafin ka ɗauki alli

Duk shekara ana turo mana sababbin malamai, wasu da NCE, wasu da digiri, wasu kuma 'yan hidimar ƙasa, tsarin nan da gwamnatin Janar Gowon ta kafa a 1973. Darasinsu dai sun iya shi. Abin da ba a koya musu a kwaleji ba shi ne mutanen da za su tarar. Na daɗe ina mataimakin shugaba mai kula da mulki a makarantar kwana ta gwamnati, kuma ga abin da nake gaya wa duk wanda ya shigo ofishina da takardar turi.

Ka fara daga bakin ƙofa. Ka sauka daga babur, ka gaida maigadi, ka ce masa Baba, ka faɗi sunanka da abin da ya kawo ka. Shi ya san yaron da ke tsallake katanga da wanda ke shigo da waya a ɓoye, kuma ba ya gaya wa malamin da ke wuce shi da hon. Daga nan masinja zai kai ka wurin firinsifal. Kada ka bar makaranta ranar sai akawu ya buɗe maka fayil, an kuma rubuta takardar kama aiki. Ka ajiye kwafinta a gida. Idan albashi ya yi gardama, ita za a fara tambaya.

Mataimakan shugaba biyu ne. Jadawali, manhaja da rabon azuzuwa suna hannun na karatu. Gida, izinin tafiya da ladabtarwa suna hannun na mulki. Kada ka tsallake su ka kai ƙara sama. Firinsifal zai saurare ka da fara'a, sannan ya mayar da kai wurin wanda ka tsallake.

In an ba ka fom masta, wato malami mai kula da aji guda, rajista ta zama amanarka. Ka zauna da kowane yaro ka tabbatar da rubutun sunansa da ranar haihuwarsa. Muhammad ne ko Mohammed? Sunan uba ne a ƙarshe ko na gari? Jami'in jarrabawa daga takardunku yake kwasa ya tura wa WAEC da NECO, tare da makin gwajin aji. Tun 2021 kuma JAMB ba ta yi wa kowa rajista sai da lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN. Harafi ɗaya ya saɓa, uba zai yi ta zarya tsakanin kotu da ofisoshi. Saboda haka in jami'in ya ce a kawo maki ranar Alhamis, ka kai Laraba.

Makon dutinka ne zai nuna ko kai wane ne. Tun kafin assalatu kuku sun hura wuta, kai ma ka fito. Ka leƙa masallaci, ka tsaya a asambuli, ka shiga ɗakin cin abinci ka ɗanɗana abin da aka dafa, da dare ka zaga firef, wato karatun dare a aji, da ɗakunan kwana. In ka tarar koko ya yi tsululu, kada ka ɗaga wa masu girki murya a gaban yara. Yawancinsu sun haife ka, kuma abin da aka auna musu suka dama. Ka sami kicin masta, ku je sito tare, ka ce a nuna maka littafi: kwano nawa na gero aka fitar, yara nawa ke makaranta a ranar? Ka rubuta abin da ka gani a littafin duti, ba ƙari ba ragi. Wani abu kuma, ka ji shi da kyau: kada ka taɓa aika ɗalibi kicin da kwanon gidanka. Ranar da ka ci, ranar bakinka ya mutu.

Ka riƙe lambar wayar metiron ko malamin asibiti, da ta direban makaranta. Da damina zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da yara, da bazara kuma sanƙarau muke tsoro, musamman inda ɗaki ya cika maƙil. Yaro ya zo da zazzaɓi da ciwon kai, wuyansa ya sanƙare, ba maganar "sha farasitamol ka kwanta" ba ce. A tashi direba ko ƙarfe nawa ne. A makarantar 'yan mata kuwa, namiji ba ya shiga ɗakin kwana sai metiron na gabansa, komai gaggawa.

Malaman kimiyya, ku ji naku. Makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu da Kano ta buɗe a 1977 da ɗakin gwaji suka yi suna, kuma ɗakin gwaji yana da mai shi. Mai kula da shi ya san kwalbar da sinadarinta ya lalace da ma'aunin da ke ƙarya. Ka ba shi jerin kayan da kake so kwana biyu kafin darasi, ka sa yara su wanke abin da suka ɓata kafin su fita.

Saura batun aljihu. Wasu masu shara, masu gadi da masu girki ba ma'aikatan gwamnati ba ne, daga kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai ake ba su ɗan abin da ya samu, wani watan ma shiru. In takardar gudummawar suna ko rasuwa ta zagayo ɗakin malamai, ka sa abin da za ka iya, ka kuma je da ƙafarka. In ka aiki lebura ya share maka ƙofar gida, wannan ba aikin gwamnati ba ne, ka sallame shi nan take.