Yadda Na Warware Saɓanin NumPy da pandas

A ɗakina da ke Samaru, Zariya, na kwana ina fama da pip, manhajar da ke girka kayan aikin harshen kwamfuta na Python, domin aikin bincikena ya tsaya cak. Manhajar da na girka ta jawo NumPy 2.0, kayan aikin lissafi na Python, wanda ya fito a Yunin 2024, alhali tsohon pandas ɗina, wato kayan aikin sarrafa bayanai, an gina shi ne a kan NumPy na 1, sai ya ƙi tashi. Kuskurena shi ne tara komai wuri guda. Na buɗe keɓantaccen muhalli, wato wurin girka kayan wannan aiki shi kaɗai, da umarnin python -m venv, na rubuta numpy<2 (wato NumPy ƙasa da na 2) cikin requirements.txt, fayil ɗin jerin kayan da za a girka, sannan na girka duka lokaci ɗaya domin pip ya zaɓi waɗanda suka dace da juna. Da na gwada pip check, umarnin da ke duba ko kayan sun dace da juna, babu sauran saɓani, kuma lissafina ya gudana kafin kiran asuba.