Kurakuran da Muke Yi Wajen Karanta Littattafan Yaƙi da Sarauta

A majalisun 'yan Arewa na Agege, Idi-Araba ko Mile 12, gardamar tarihi hanya ɗaya take mutuwa. Wani ya ce ba a taɓa cin garinsu da yaƙi ba, wani ya ce ƙarya ne, sai na uku ya zaro waya ya ce, "Malam, ai ga shi a littafi." Shi ke nan, kowa ya yi tsit. Littattafan kuwa ba wuyar samu suke ba a Legas: ga tsofaffi a shimfiɗe a Yaba da ƙarƙashin gadar Ojuelegba, ga waɗanda ake turowa ta WhatsApp. Wannan sha'awa tana faranta mini rai ƙwarai, shi ya sa yadda muke karatun yake damuna.

Babban kuskuren shi ne ɗaukar littafi a matsayin alƙali, alhali shaida ne kawai. Mu da muka tashi muna jin malamai suna bin isnadin hadisi ɗaya bayan ɗaya, bai kamata a ce littafin tarihi ne za mu haɗiye ba tauna ba. Kafin ka shiga babi na farko, ka nemi sanin wanda ya rubuta, yaushe ya rubuta, kuma a inuwar wa yake zaune lokacin da yake rubutun.

Ɗauki jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Mafi yawan abin da muka sani game da hijira zuwa Gudu a 1804, da yaƙin Tafkin Kwatto a wannan shekarar, da faɗuwar Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808, daga alƙalamin Muhammadu Bello da Abdullahi ɗan Fodiyo ya fito. Shaidarsu tana da nauyi, don da su aka yi, har shan kashin da jama'a ta yi a Tsuntsuwa, inda mahaddata Alƙur'ani da yawa suka yi shahada, ba su ɓoye ba. Bello ma ya yi abin da marubutan da suka ci nasara ba su cika yi ba: a Infaƙul Maisuri ya kawo wasiƙun Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi na Borno, waɗanda suke tuhumar hujjar yaƙin. Duk da haka, ba za ka ji bakin Yunfa, Sarkin Gobir da suka yaƙa, a ciki ba. Sarakunan da aka kora ba ɓacewa suka yi ba. Na Katsina sun kafa Maraɗi, Gobirawa sun zauna a Tsibiri, zuriyar sarakunan Zazzau na dā suka kafa Abuja, wadda yau ake kira Suleja, kuma kowannensu yana da nasa labarin. Wanda ya karanta ɓangare ɗaya ya rufe littafi, rabin shari'a ya saurara.

Haka abin yake da rahotannin Turawan mulkin mallaka. Abin da Lugga da hafsoshinsa suka rubuta game da cin Kano a watan Fabrairu na 1903, da Sakkwato a watan Maris, da Burmi a watan Yuli inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, an rubuta shi ne don mahukuntan Landan su gamsu cewa yaƙin ya zama dole. Sai ka karanta shi da wannan sanin. Amma akwai masu tsallakawa ɗaya gefen, su ce duk abin da Bature ya rubuta ƙarya ne. Wannan ma asara ce. Clapperton ya zauna da Bello a Sakkwato a 1824, Barth ya shiga Kano a 1851 ya rubuta abin da idonsa ya gani na kasuwa da rini da cinikin tufafi. Ka karɓi abin da suka gani, ka tsaya ka auna hukuncin da suka yanke.

Sai batun shekaru, inda aka fi yin rantsuwa a banza. Za ka ji mutum ya dage cewa Bagauda ya hau sarautar Kano a 999, Muhammadu Rumfa kuma daga 1463 zuwa 1499, kamar akwai wanda ya tsaya da kalanda a fada. Tarihin Kano na Larabci tsawon mulkin kowane sarki yake bayarwa. Da Baturen mulki Palmer ya fassara shi a 1908, sai aka yi lissafi ana komawa baya, aka fitar da waɗannan shekarun. Idan mai kwafa ya ƙara wa sarki ɗaya shekara goma, duk waɗanda suka gabace shi sun gusa. Ga kuma shekarar Hijira da ta gaza ta Miladiyya da kwana 11 ko kusa da haka, har shekara 100 ta Hijira ta zama kimanin 97. Masana da dama suna ganin a ƙarshen ƙarni na 19 aka harhaɗa littafin a yadda muke da shi yanzu. Dubi Amina ta Zazzau: Tarihin Kano ya sa ta a zamanin Sarki Dauda, a ƙarni na 15, wasu ruwayoyin kuma suna kai ta ƙarni na 16. Gyaran mai sauƙi ne. Duk shekarar da ta gabaci jihadi, ka sa mata "wajen" a gaba, sai in ka ga wata shaida daga waje ta ƙarfafa ta, kamar yadda marubutan Masar suka tabbatar da hajjin Mansa Musa na 1324.

Yawan mayaƙa kuma, a nan alƙalami ya fi gudu. Herodotus, marubucin tarihin Girka na dā, ya ce dakarun ƙasa na Sarkin Farisa da suka nufi Girka sun kai miliyan 1.7, kuma masanan yau ba su karɓi wannan adadi ba. Tun a ƙarni na 14 Ibn Khaldun ya soki marubutan da suke kawo irin waɗannan lambobi ba tare da sun tambayi ina ƙasar da za ta ɗauke su, ina abincin da zai ishe su ba. Mu a nan ba ma buƙatar jami'a kafin mu gane. Ka tambayi duk mai harkar shanu a Oko-Oba ruwa da harawa nawa garke ɗaya yake ci a yini, sannan ka koma ka karanta cewa wani sarki ya fita da dawaki dubu ɗari. Kowane doki da mai yi masa ciyawa, kowane barde da yaransa, ga mai ɗaukar lifidi da sulke. Wannan ne ya sa akasari da rani ake fita yaƙi, bayan an yi girbi, rafuka sun janye. Shi ne kuma ya sa dawaki ba su yi tasiri a dazukan kudu ba, inda ƙudan tsando yake kashe su. Kuma yawa ba shi ne nasara ba: a Tondibi a 1591, 'yan dubban sojojin Maroko masu bindiga suka tarwatsa rundunar Songhai da ta ninka su.

Labaran asali suna da nasu tarkon. Bayajidda daga Bagadaza, Saifawan Borno daga Yaman, wasu ruwayoyin Yarabawa ma suna kai asalin Oduduwa Makka. Wasu suna haɗiye su ɗungurungum, wasu suna yi musu dariya, kuma duka biyun ba su amfana ba. Labarin Bayajidda yana gaya maka yadda garuruwan Hausa suke kallon dangantakarsu da matsayin Daura a cikinsu, amma ba zai gaya maka yaushe aka fara zama a gindin Dala ana narka tama ba. Wannan aikin masu tonon ƙasa ne. Ka kuma yi hattara da marubucin da duk abin kirki da ya gani a Afirka sai ya nemo masa uba daga waje. Da Bajamushen nan Frobenius ya ga ƙerarrun kawunan Ife a 1910, cewa ya yi aikin mutanen wata ɓatacciyar ƙasa ne ta tatsuniyar Girkawa, don zuciyarsa ta ƙi yarda baƙar fata ne ya yi su. Gidan adana kayan tarihi na ƙasa yana nan Onikan tun 1957, da kayan Nok da na Benin a ciki. Wanda ya tsaya gaban kan Nok na yumɓu, da idanunsa masu kusurwa uku da hudar da aka yi a ƙwayar idon, zai koma wa littafinsa da wani ido dabam.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne yadda muke zaune a Legas muna haddace jerin sarakunan garuruwanmu, amma ba mu san tarihin Hausawan garin da muke ci a ciki ba. A 1863 Baturen mulki Glover ya kafa wata 'yar runduna a nan Legas da Hausawa, da yawansu bayi ne da suka tsere daga hannun iyayengijinsu, kuma daga ita sojan Nijeriya yake lissafa asalinsa. An kai sojojin Hausa yaƙin Ashanti a 1873, sun shiga yaƙin Ijebu a 1892. Rundunar da ta fasa ganuwar Kano a 1903, Turawan cikinta 'yan gomomi ne, sauran sama da 700 baƙaƙen fata ne, da Hausawa da yawa a ciki. Maganar ba daɗi, amma littafin da ya tsallake ta ya rage maka mudu. Me ya sa bawan da aka kamo daga ƙauyensu zai ɗauki bindigar Bature ya nufi birni? Ba za ka sami amsa a jerin sarakuna ba. Sai ka nemi littattafan da suke magana a kan bayi da rinji, da fataken goro na hanyar Gwanja, da marina da maƙera.

In za ka saya a bakin titi, ka duba shekarar bugun farko, ba ta bugun da ke hannunka ba, don littafin 1930 da aka sake wa bango yana nan da tunanin 1930. Ka fifita mai nuna inda ya samo maganarsa a ƙasan shafi ko a ƙarshe. Ka bi shafukan da yatsa, bugun satar fasaha yakan zo da babi a tsallake ko taswira a dishe. Taswirar kuwa kada ka rabu da ita: ka nemo kufan Alƙalawa a yankin Sabon Birni, Ngazargamu kusa da Gaidam a Yobe, Burmi a wajen Bajoga a Gombe, ka auna tazarar da ke tsakanin Sakkwato da Burmi, sannan ka sake karanta tafiyar Attahiru da jama'ar da suka bi shi.