Koyon Firistayil a Zangon Kumasi: Daga Bugun Farko zuwa Filin Gasa

Wanda duk ya bi ta Aboabo ko Asawase bayan La'asar ya san yadda yara ke cika kowane ɗan fili da ƙwallo. A cikinsu ba a rasa ɗaya da ke ware kansa gefe, shi ba ruwansa da raga, burinsa kawai kada ƙwallon ta taɓa ƙasa. Wannan ita ce ƙofar firistayil, wasan gwaninta da ƙwallo wanda yanzu yake da hukumarsa ta duniya, WFFA, da gasanninsa.

Fara da kayan aiki. Ƙwallo mai lamba 5 ake so, wadda nauyinta ke tsakanin giram 410 da 450. Kada ka cika ta da iska tam kamar ta wasan fili. Sassauta ta har babban yatsanka ya ɗan lotsa ta, don ta riƙa zama a ƙafa maimakon ta yi ta tsalle. Sabuwa mai sheƙi santsi gare ta, wadda ta ɗan sha ƙasa ta fi kama takalmi. Takalmin kuwa mara nauyi, mai shimfiɗaɗɗen ƙasa da laushin sama, ana samun irinsa a gwanjon Kejetia. Mai ƙusoshi ba na nan ba ne. Nemi daɓe mai daidai, taku huɗu kowane gefe ya isa, ka share tsakuwa. Da hunturu ƙura na kwanciya kan ƙwallo, sai ka ajiye jiƙaƙƙen tsumma kusa.

Inda akasarin samarinmu ke faɗuwa shi ne gaggawa. Yaro ya ga bidiyo a TikTok, gobe yana son juya ƙafa sau biyu a iska, alhali hagunsa ba ta iya bugu goma. A'a, ɗan'uwa. Watanni biyu ko uku na farko na bugun sama ne zalla: dama, hagu, dama, hagu, ƙwallo ba ta wuce gwiwa. Ka taɓa ta da bayan ƙafa, tsakanin gindin yatsu da igiyar takalmi, yatsun a ɗan ɗage, gwiwa a sake. In tana gudu gaba, yatsunka sun kalli ƙasa. In tana dukan ƙaurinka, sun ɗagu fiye da kima. Sai ka iya 100 a jere, ƙafa biyu, ba tare da ka bar tsakiyar daɓen ba, sannan ka matsa gaba. Minti 45 kullum ya fi awa huɗu ranar Lahadi kaɗai.

Salon farko shi ne zagaya duniya: ka buga, ƙafarka ta kewaye ƙwallon a iska, ta sake tarbe ta. Sirrinsa ɗaya ne, bugun da kewayen motsi guda ne. Mai koyo yakan buga tukuna, ya jira, sannan ya fara kewayawa, kafin ya gama ƙwallo ta sauka. Taɓa ta ta ɗan gefe, yadda ƙafar za ta goge ta ta wuce sama kai tsaye. Kewayen daga ƙugu yake fitowa, kuma ƙaramin da'ira ake so, daf da ƙwallon. Wasu na harba ta sama sosai wai don su sami lokaci, sai ƙafa ta kasa hawa kanta. Tsayin gwiwa ya wadatar. Kar ka jingina baya, ƙirjinka ya kasance bisa ƙwallon. Gwada motsin sau 20 ba ƙwallo, sannan ka saki ƙwallon daga hannu, daga baya ka shigar da shi cikin bugu. Koyi kewayawa ta ciki da ta waje duka, da ƙafa biyun.

Wasan yana da sassa: na ƙafa a tsaye, na sama da kai da wuya da kafaɗa, na zaune, da na maƙale ƙwallo tsakanin gaɓoɓi. Ajiye ta a ƙeya ya fi sauƙin farawa. Sunkuya, baya a shimfiɗe, kai a ɗage kana duban gaba, gwiwar hannu a ja baya har allunan kafaɗa su yi mata gurbi. Da ka sunkuyar da kai, ta gangaro.

Ɗumama jiki na minti goma wajibi ne, musamman matsematsi da idon sawu. Siminti na cin gwiwa da ƙauri. Ciwon da ya kwana uku bai tafi ba, a huta a ga likita.

A gasa mutum biyu ke karawa cikin minti uku, kowa daƙiƙa 30 sau uku, bi da bi. Haka aka san gasar Red Bull Street Style, wadda Séan Garnier ɗan Faransa ya lashe karonta na farko a Sao Paulo a 2008, kuma duk shekara ana taruwa a ƙasar Cek don gasar Super Ball. Alƙalai na duba wahalar salo, tsabtarsa da abin da ka ƙirƙiro da kanka. Don haka shirya zubi uku daban-daban, ka sa agogo, ka cire duk salon da ba ka cinsa sau takwas cikin goma.

Abincin ɗan firistayil ya fi fitowa daga nuni: hutun rabin lokaci, bikin Sallah, tallan kamfani, koyar da yara. Bidiyonka shi ne shaidarka. Kafa waya daidai tsayin gwiwa, rana a bayanta, jikinka duka a ciki, kuma kada ka yanka bidiyon. In an gayyace ka, ku yanke kuɗi da tsawon nunin tun kafin ranar, ka karɓi rabi ta MoMo, ka tambayi irin daɓen wurin, domin tayil mai santsi da takalmin da ya sha ƙura ba sa jituwa.