Yadda Ake Haɗa Taswirar Gubar Dalma a Ƙauyen Masu Haƙar Zinare

A 2010 gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a yankunan Anka da Bukkuyum na Zamfara, saboda ana daka dutsen zinare mai ɗauke da dalma ana niƙa shi a cikin gidaje. Ƙurar ce ke shiga bakin yaro, shi ya sa aikin taswirar ke farawa daga inda yake rarrafe.

Da farko a nemi izinin mai gari da masu gidaje, sannan a ba kowane gida lamba. Lambar nan ita za a rubuta a jikin samfurin ƙasa da kwalbar jinin yaro; idan ta rikice, aikin ya tashi a banza. A ɗauki wurin gidan da GPS na waya ta manhajar tattara bayanai ta KoboToolbox, a tsaya a fili, ba cikin zaure ba, har kuskuren ya sauko ƙasa da mita 5.

Awo ɗaya a gida bai wadatar ba. A auna tsakar gida, gindin turmi, madafa da ɗakin kwana da na'urar XRF mai nuna yawan dalma a cikin ƙasa, kowanne daban, haka ma bakin rijiya da wurin injin niƙa. Ƙasa mai danshi tana rage adadin da na'urar ke nunawa, don haka a shanya ta, a tankaɗe, domin garin ƙasar ne ke manne wa hannun yaro.

A zuba bayanan cikin QGIS, manhajar haɗa taswira. A kula, layin digiri 6 na gabas ya ratsa Zamfara: a tsarin UTM, wanda ya raba taswirar duniya shiyya-shiyya, yammacinsa shiyyar 31N ce, gabashinsa 32N. Wanda ya ba manhajar shiyyar da ba ita ba, sai ya tarar da gidajen sun faɗa ɗaruruwan kilomita daga ƙauyen. A ware launi uku: ƙasa da miligiram 400 na dalma a kilo ɗaya na ƙasa, 400 zuwa 1,000, da abin da ya haura 1,000, wanda sai an kwashe ƙasar.

Daga nan a ɗora sakamakon jini a kai. Kada a ƙirga yawan masu gubar kawai. A raba shi da yawan yaran da aka gwada a unguwar, in ba haka ba unguwa mai cunkoso ce kullum za ta yi ja. In gubar da ke jinin yaro ta yi sama alhali gidansu lafiya lau, a tambayi mahaifiyarsa inda yake wuni, wataƙila gidan kakarsa ne ko bakin injin.

Taswirar da ke nuna gida-gida ta ma'aikatan lafiya ce kaɗai. Wadda za a fitar wa jama'a, a dunƙule ta unguwa-unguwa.