Kurakuran da aka fi yi wajen kula da direban TPM a kanel ɗin Linux, da yadda ake gyara su

Duk wanda ya taɓa leƙa drivers/char/tpm a kanel ɗin Linux, wato zuciyar tsarin da ke magana da kayan kwamfuta ta hanyar direbobi, da niyyar gyara wani abu ya san kod ɗin ba wani yawa gare shi ba, amma wallahi akwai shi da cin rana. TPM dai ɗan cip ne na tsaro, shi ke riƙe makullan sirri, shi kuma ke ajiye awon duk abin da kwamfuta ta loda tun daga kunnawa. Wani a manne yake a jikin madabod, wani kuma famwaya ce kawai take aikinsa a cikin furosesa, irin fTPM na AMD ko PTT na Intel. Tun da Windows 11 ta fito a 2021 ta ce ita sai da TPM 2.0, da wuya ka ga sabuwar laftof babu shi, shi ya sa in aka yi kuskure ɗaya a direban nan mutane da yawa ne ke kwana a ciki.

Abin da na lura da shi, yawancin kurakuran tushensu ɗaya ne: mutum ya ɗauki cip ɗin kamar memori, ka rubuta ka karanta a take, alhali shi abu ne mai nawa, baya manta abin da aka yi masa ɗazu, kuma na kamfani kaza halinsa daban da na kamfani kaza ko da duk sun ce ƙa'idar TCG, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin TPM, suke bi.

Na farko da ya fi damuna shi ne yarda da tsawon amsar da cip ya faɗa. Kowace amsa tana farawa da kai mai bayit 10, biyu na tag, huɗu na tsawon saƙo, huɗu na lambar sakamako, kuma babban bayit ne a gaba, so dole sai ka juya da be32_to_cpu kafin ka yi lissafi. To sai ka ga mutum ya karanta tsawon nan ya miƙa wa memcpy kai tsaye, wai ai cip ɗin tsaro ne, ba zai yi ƙarya ba. Cip ɗin ƙila ba zai yi ba, amma wayoyin da ke tsakaninsa da furosesa fa? A 2018 Jeremy Boone na NCC Group ya nuna wata 'yar na'ura, TPM Genie, da ake sakawa a tsakani tana canza amsar yadda aka ga dama, kuma da ita ya gano wurare da dama a kanel inda tsawon ƙarya ke sa rubutu ya zarce bakin bafa, wato wurin da aka ware a memori don saƙon. Ko babu mugu ma, bit ɗaya ya juye a kan layi ya isa. Gyaran ba wuya: tsawon da aka ce maka kar ya gaza bayit 10, kar ya wuce girman bafarka, kuma duk wani tsawo da ke can cikin amsar, misali yawan bayit ɗin da GetRandom ya dawo da su, shi ma ka gwada shi da abin da ya iso hannunka a zahiri. In bai yi daidai ba ka dawo da kuskure ka fita, kar ka ce bari in yanke in lallaɓa.

Sai masu haɗa cip ta SPI, wata hanyar wayoyi da cip ke magana da furosesa ta kanta, nan kam na sha wuya da kaina. Akwai wani ƙaramin allo na ARM da na taɓa ɗora wa TPM, in na karanta rijistar DID_VID da ke 0xF00 wani lokaci lambar kamfani ta fito tsaf, wani lokaci F ne zalla a jere. Kwana biyu ina zargin solda, na sake narka ta har sau biyu, na canza wayoyi na rage tsawonsu. Sai da na ari na'urar duba sigina na maƙala a ƙafafun cip ɗin sannan na gani da idona, layin CS, wayar da ke nuna wa cip cewa da shi ake magana, yana ɗagawa sama tsakanin kai da ainihin bayanan, ɗan tsalle ne ƙanƙani a kan allo amma shi ne duk matsalar. Yadda abin yake, ana tura kai mai bayit 4, sai a duba bit na ƙarshe na abin da cip ya maido, in sifili ne yana nufin dakata ban shirya ba, sai ka riƙa karanta bayit ɗaya-ɗaya har ya koma 1, kuma duk tsawon wannan jiran CS na ƙasa bai motsa ba. Da zarar kontirolan SPI ɗinka ya sake shi, cip ya ɗauka an fasa zancen. Don haka ka duba cs_change da spi_bus_lock da kyau, kuma ka tabbata kontirolan ma zai iya wannan jiran, don ba kowanne ke iyawa ba.

Biyu kuma da ke tafiya da wannan: kar ka ba SPI bafar da ke kan stak, tun da aka kawo VMAP_STACK a kanel 4.9 ba ta da aminci ga DMA, wato na'ura ta taɓa memori kai tsaye ba ta furosesa ba, kmalloc za ka yi. Kuma in kana ware wuri ka tuna bayit 64 na bayanai ne, kan mai bayit 4 daban yake, jimla 68. Wannan mantuwar ta taɓa shiga tpm_tis_spi kanta, sai a 2024 aka toshe ta.

Batun kulle da lokaliti, wato ƙofofin da cip ke bambanta masu magana da shi ta kansu, shi ne wanda sababbin shiga suka fi tsallakewa, saboda in ka tsallake shi komai zai yi aiki lafiya lau a teburinka. A tsarin TIS, ɗaya daga cikin ƙa'idojin magana da cip ɗin, rijistocin na farawa daga 0xFED40000, lokaliti biyar ne daga 0 zuwa 4, kowanne da shafinsa, kanel kuma 0 take amfani da shi, sai ta nema an ba ta kafin ta taɓa sauran rijistoci sannan ta saki in ta gama. In kana aika umarni daga cikin kanel ka bi ta tpm_try_get_ops ka rufe da tpm_put_ops, su ne ke riƙe kullen, su nemi lokaliti, su kuma tabbatar ba a cire cip ɗin kana tsakiyar aiki ba. Ba kai kaɗai ke magana da cip ɗin ba fa malam, IMA, ɓangaren kanel mai auna fayiloli, na ƙara awo a PCR 10, ɗaya daga cikin rijistocin awo na cip ɗin, hwrng, ɓangaren da ke samo lambobin da ba a iya hasashensu, na jan nasa a bayan fage, ga manhajojin mai amfani ta /dev/tpmrm0, duk layi ɗaya suke bi.

Inda wannan ya fi fashewa shi ne wajen barci. Kafin kwamfuta ta kwanta direba na tura TPM2_Shutdown don cip ya adana halin da yake ciki, to a zamanin kanel 6.1 an samu laftof da dama da barcinsu ya lalace saboda zaren hwrng na kutsowa da nasa umarnin ana tsakiyar wannan sallamar, ko kuma ya riga cip ɗin farkawa. Da kulle aka fara gyarawa, daga baya aka ƙara tutar TPM_CHIP_FLAG_SUSPENDED. In ka taɓa wani abu a hanyar barci ko kashewa, kar ka gwada sau ɗaya ka ce ya yi, ka sa rtcwake ya kwantar ya tayar sau ɗari kana kallon dmesg, inda kanel ke rubuta saƙonninta.

Kashewa ba sallama ma na da nata illar da mutane ba su cika sani ba. In an yi amfani da makulli mai kalmar sirri sannan wuta ta yanke ba a tura Shutdown ba, TPM 2.0 na lissafa shi kamar an gwada kalmar ƙarya sau ɗaya, da gangan aka tsara haka don kar ɓarawo ya riƙa zare wuta yana goge laifinsa. In suka taru sai cip ya kulle ya riƙa ba ka 0x921. Mu da ake ɗauke mana wuta ba sanarwa, kwamfutar tebur mara UPS na iya faɗawa wannan ba tare da direba ya yi laifin komai ba, so kafin ka fara tonon kod ka buga tpm2_getcap properties-variable ka ga inda lissafin kullewar ya kai.

Yanzu ga babban, wanda har manya ya kayar: ka gwada a injinka ya yi, sai ka kunna wa duniya. A 6.4, shekarar 2023, an gyara tpm_tis ya koma amfani da intarof, wato cip ya kira furosesa da kansa in ya gama, maimakon leƙen rijista a kai a kai, a takarda abu ne mai kyau kuma an yi aikin da gaske. Amma da ya isa hannun jama'a sai wasu ThinkPad da laftof ɗin Framework suka shiga ruwan intarof ba ƙaƙƙautawa, saboda shekara da shekaru ba wanda ya gwada wannan layin a kansu, abin da famwayarsu ke faɗa a ACPI, inda take bayyana wa kanel kayan injin, bai yi daidai da yadda aka ja wayar ba. Aka fara jera sunayen injina a teburin DMI, da kanel ke gane samfurin inji da shi, ana kashe musu ɗaya bayan ɗaya, teburin ya yi ta tsawo, aka ƙara dabarar kashewa in an samu intarof 1000 da ba mai su, a ƙarshe dai kafin 6.5 ta fito aka mayar da shi sai wanda ya so ya kunna da tpm_tis.interrupts=1. Ni a ganina matakin ƙarshen nan shi ya kamata a fara da shi. Teburin keɓe injina na da amfani in su biyu ne ko uku, amma in ka ga kowane mako sai ka ƙara layi, to zaɓinka na asali ne ba daidai ba, ba injinan mutane ba.

Labarin fTPM na AMD ma kusan haka ne. A 2022 AMD ta amsa cewa fTPM ɗinta na sa wasu kwamfutocin Ryzen sarƙewa na ɗan lokaci, sauti ya kakkatse linzami ya tsaya, saboda tana daɗewa wajen taɓa filashin SPI na madabod, ta kuma fitar da gyara a famwayarta ta AGESA 1.2.0.7. A Linux hwrng ne ke tsokano abin tunda yana yawan neman lambobi. Aka fara kashe shi ga sigogin famwaya da aka san suna da matsala, ƙorafi bai tsaya ba, Linus Torvalds ya sa baki, aka kashe hwrng ga fTPM na AMD gaba ɗaya a 6.5. Sai kuma binciken gane kamfanin da aka saka ya hana TPM tashi a wasu injinan Intel, aka sake bin sa da wani facin. Abin ɗauka a nan, in binciken da kake yi don gane wane cip ne ya gaza, kar ya zama dalilin da direba zai ƙi lodawa ɗungurungum, ka wuce shi ka ci gaba.

Wa'adin jira kuma kar ka rage shi don cip ɗinka na da sauri. Ƙa'idar TIS ta ba da milisakan 750 ga wa'adin A, sakan 2 ga B, ƙirƙirar makullin RSA kuwa na iya cin sakanni masu yawa. Akwai tsofaffin cip na 1.2 da ke faɗin wa'adinsu a milisakan inda ake jiran maikurosakan, shi ya sa za ka ga "Adjusting reported timeouts" a dmesg, ba ado ba ne, kar ka goge wannan kod ɗin da sunan shara. Haka in cip ya ce 0x922, cewa yake sake gwadawa an jima, ba lalacewa ya yi ba.

Akwai kuma abubuwan da ake ɗora wa direba alhali ba ruwansa. Manhaja ta buɗe /dev/tpm0 ta riƙe, ta biyu ta zo ta samu EBUSY, wato wani na riƙe da shi, ai haka aka yi shi, mutum ɗaya yake ɗauka. Ko a samu 0x902 saboda gurbin abubuwan wucin gadi ya cika, yawancin cip guda uku kacal suke iya riƙewa a lokaci ɗaya. Maganin duka biyun /dev/tpmrm0 ne, yana nan tun 4.12 a 2017, shi ke sauke wa kowa kayansa ya sake loda masa. In kuma ka ga IMA ta rubuta "No TPM chip found, activating TPM-bypass!" alhali cip na nan, duba ko ka harhaɗa direban a matsayin modul, ko direban SPI ɗin da yake dogaro da shi ya makara. IMA da wuri take tashi kuma bata dawowa ta sake dubawa, so ka sa su =y duka.

Don Allah kar ka yi gwaji a kan injin da makullin diskinka ke cikin TPM ɗinsa. tpm2_clear sau ɗaya ya canza irin da ake tsiro da makullan ajiya daga gare shi, duk abin da systemd-cryptenroll ko BitLocker suka damƙa masa ya tafi kenan, in ba ka da makullin ceto a rubuce ba wanda zai iya dawo maka da shi. Ka ɗora swtpm na Stefan Berger, manhajar da ke kwaikwayon TPM, a kan QEMU mai kwaikwayon kwamfuta, ka gwada ta tpm-tis ka sake gwadawa ta tpm-crb don hanyoyinsu daban ne, ka gudu da gwaje-gwajen tools/testing/selftests/tpm2. Sai dai swtpm ba shi da nawa kuma baya saɓa ƙa'ida, don haka bayan ya wuce nan sai ka nemo cip na gaske, aƙalla na kamfani biyu, a injin da ba abin da za ka yi asara.

In ka zo tura facin, ka rubuta sunan cip ɗin da sigar famwayarsa da ta wace hanya aka haɗa shi, LPC ne ko SPI ko I2C ko CRB, ka liƙa layukan dmesg na kafin gyara da na bayansa. Ka sa layin Fixes: da lambar kwamit ɗin da ya kawo matsalar don a san tsofaffin kanel da za a kai wa gyaran, ka bi ta checkpatch.pl, get_maintainer.pl kuma zai nuna maka su Jarkko Sakkinen da sauran waɗanda za ka aika wa. Ba lallai ne suna da irin allonka a gabansu ba, da abin da ka rubuta kaɗai za su auna ko gyaran naka zai karya na wani, so faci ɗaya matsala ɗaya, kuma ka faɗi a fili injinan da ka gwada a kai da waɗanda ba ka samu ka gwada ba.