Yadda na gyara yankan zarton jigso da ke karkacewa

Matsalar ita ce in na yanka katako mai kauri da jigso, wato zarton lantarki na hannu mai siririn ruwa da ke motsi sama da ƙasa, saman yankan yana bin layi daidai, amma in na juya katakon sai in ga ƙasan ya karkace. Ruwan zarton ne ke lanƙwashewa a cikin itacen, don jigso ta sama kawai yake riƙe shi.

Na fara ɗora sukwaya, ma'aunin daidaiton kusurwa, a jikin farantin ƙasan zarton, wanda ke zama kan katako. Siririn ƙarfe ne da aka buga, ya ɗan lauye, ƴar tayar da ke tallafar ruwan daga baya kuma tana girgiza. Wannan ba ya gyaruwa, sai canjin zarto.

Da na je zaɓen sabo ban tsaya kan ƙarfin injin kaɗai ba, wat 600 zuwa 700 ya ishi aikin gida. Na nemi mai farantin zubi na alminiyam, da taya mai tsagi wadda ruwan ke zama a cikinta daram. Na kuma tabbatar yana karɓar ruwa mai kai kamar harafin T, shi ne ya fi samuwa, ga sauƙin sawa ba tare da sukudireba ba.

Sauran aikin na ruwa ne. Ga katako mai kauri ina sa ruwa mai kauri, mai haƙora 6 a inci. Wajen yanka mai lanƙwasa kuwa sai siriri, in kashe maɓallin da ke sa ruwan tura gaba, kada in danna, in bar shi ya ci da kansa. Yanzu ƙasan yankan na fitowa daidai da samansa.